Ɗakin da Ba Ya Yoyo

Duk wanda ya taɓa kai yara Muze a Yamai, wato gidan tarihin nan mai zakoki da dorina, ya ga aikin Manzo ko da bai ga Manzo ba. In ka wuce kejin kuraye ka ɗan gangara, akwai fili da aka jera gidajen gargajiya don masu kallo: na Zabarmawa, bukkar Fulani, tantin Buzaye, sai gidan Bahaushen ƙauye mai darni da rumbu da zagayayyen ɗaki. Wannan na ƙarshen, aikin hannun Manzo ne tun daga ƙasa har sama. Shi kuwa mai aikin yakan kasance a gefe, gindin wata bishiyar bedi, yana yanta ciyawa da igiyar kaba. Dogo ne siriri, da zanen Kurfayawa a kumatu, ba ya ɗaga kai ko yara sun tsaya a kansa. Da yawa sun ɗauka kurma ne.

Ba kurma ba ne, kuma ba a haife shi haka ba. An haife shi a wata tunga arewa da Filinge, inda ba a san wani arziki ba sai gero da 'yan awaki. Ubansa mai baibaya ne, wato mai rufa ɗakuna da ciyawa, shi ma ya tashi da sana'ar a hannu. Yana saurayi bakinsa ba ya rufuwa. Yana kan ɗaki yana ɗauri yana tsokanar duk macen da ta wuce da tulu, har tsofaffi suna cewa wata rana surutu zai faɗo da shi ƙasa. A haka ya ga Haske, gajeriya mai saurin tafiya, wadda ita kaɗai ta iya mayar masa da magana har ya rasa ta cewa. Ya aure ta, ya yi mata ɗakin da mata suka riƙa zuwa gani.

To, akwai wata al'ada a tungarsu da sai an san ta za a gane labarin nan. Ɗakin mace, mijinta ke baibaye shi. Maƙwabta za su zo gayya, su kama a ɗaga tsohon rufi a sauke, su kama a ɗora sabo, su ci tuwo su watse. Amma hawa kai da ɗaurin ƙarshe na miji ne shi kaɗai. In aka hangi wani namiji a kan ɗakin matar aure yana ɗauri, ko da ƙanenta ne ciki ɗaya, to ɗayan biyu ne: ko mijin ya mutu, ko auren ya mutu. Ba alƙali ya kafa wannan ba, ba kuma malami ba. Sai dai ko yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san ma'anarsa.

Haske ta haifi Delu, bayan wasu shekaru ta haifi Muna. Sai shekarar nan ta zo da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Lokacin soja ke mulki, manyan motoci suna kawo jar dawa Filinge ana rabawa, mutane su yi sammako su bi layi su dawo da abin da ba ya kai mako. Muna ba ta daɗe da yaye ba ƙyanda ta same ta a kan yunwa. Da rana tsaka ta cika, a cikin ɗakin, a kan tabarmar uwarta, hagu da ƙofa kusa da randa. Manzo na durƙushe a wurin. Bai yi kuka ba. Mutane suka yaba da haƙurinsa, alhali ba haƙuri ba ne. Wani abu ne ya mutu a cikinsa tare da yarinyar, ba a kuwa yi wa wannan jana'iza ba.

Bayan sadakar bakwai ya bi 'yan ci-rani zuwa Yamai. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako a kasuwa, ya kwana a rumfunan mutane. Wani mutumin Baleyara mai suna Abdu, da ke share kejin dabbobi a Muze, shi ya gaya masa ana neman mai baibaya, don gara ta cinye gidan Bahaushen da ke wurin. Aka ɗauke shi, aka nuna masa fili, aka ce ya yi irin na ƙauyensu. Ya sa kai ya yi. Sai da ya gama, ya ja da baya yana karkaɗe hannu, sannan ya ga abin da ya aikata. Ƙofar ɗakin na duban inda ƙofar Haske ke duba. Rumbu na inda nasa rumbun yake. Turmi, murhu, har randar da ke hagu da ƙofa, kowanne ya zauna a mazauninsa. Ya tsaya ya duba, bai ji komai ba, ya tafi ya wanke hannu ya ci garin rogo.

Daga nan shekaru suka fara wucewa ta gabansa. Da safe ya share gidan da ba kowa a ciki, ya duba inda gara ta taɓa, ya koma gindin bedi. 'Yan lakwal, wato 'yan makaranta, su zo a jere da malaminsu, Turawa su zo da na'urar hoto, ran Sallah kuwa iyaye su cika wurin da yara masu sababbin kaya, ana ta sayen ƙanƙara mai zaƙi ana kuka ana dariya. Kowa ya shiga ɗakin, ya leƙa rumbu, ya ɗaga taɓarya ya aje. Shugaban soja ya rasu, wani sojan ya hau, aka yi babban taron ƙasa, farar hula suka karɓa, suka yi ta rigima, soja suka sake dawowa. Duk Manzo ya ji su ne a rediyon dukawan da ke ɗinka jakunkuna kusa da shi, bai taɓa tambayar wa ya ci wa ya faɗi ba. Abu guda ne ba ya wasa da shi: kafin kowace damina sai ya hau ɗakin nan ya cire abin da ya yi baƙi ya sa sabo.

Kada a ce ya yar da iyalinsa, don bai yar ba. Yana aika hatsi, yana aika turmin zane, da ƙaramar Sallah yakan je gida. Amma in ya je, a zauren ƙanensa Sahabi yake shimfiɗa, wai zafi ya yi yawa a ɗaki. Haske ta kawo masa tuwo can, ta durƙusa, su gaisa kamar surukai. In zai koma ta rako shi bakin darni.

"Maigida, ɗakin ga ya hwara yoyo," in ji ta, shekarar farko da ta yi maganar.

"Bari kaka ta yi, in samu konje," in ji shi, yana nufin hutun wurin aiki.

Kaka ta yi, ta wuce. Wata shekarar ya ce ciyawar bana ba ta da kyau. Wata ya ce shef, wato shugaban wurin aikinsu, bai sa hannu ba. Wata kuma ya zo bikin Delu, da ta auri wani direban taksin Filinge mai suna Lawali, ya ce ai ba a haɗa biki da baibaya. Dalilai dai ba sa ƙarewa ga wanda ke nemansu. Gaskiyar magana ita ce, ba a sabunta ɗakin da ya tsufa haka sai an ɗage rufin gaba ɗaya. Ɗakin zai zauna a buɗe, rana ta shiga ko'ina, wanda ya hau bango kuwa dole idonsa ya sauka hagu da ƙofa, kusa da randa. Wannan ne Manzo ba zai iya ba. Bai faɗa wa kowa ba, da wuya ma in ya taɓa faɗa wa kansa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Haske kuwa ta san nata ciki da bai. Ta fara da tara kwano ɗaya, ta koma jera tasoshi. Ta cusa tsummoki, ta cusa buhu, da leda ta shigo gari ta cusa leda. In hadari ya taso sai ta naɗe tabarma ta ɗora kan randa, ta zauna a lungun da ya fi dama-dama har ruwa ya ɗauke. Sahabi ya ce ko a yi mata wata 'yar bukka a gefe, ta ce tana da ɗaki. Ƙanenta Ibrah, mutum mai zafin kai, ya zo har sau nawa yana faɗa, yana cewa in ta yarda kafin azahar ya gama.

"Mijina na da rai," ita ce amsarta kullum. Ba ta ƙarawa, ba ta ragewa.

Wauta ce ko mutunci, wannan ya rage ga mai ji. Matan tunga dai sun gaji da ba ta shawara, sun koma aro mata tasoshi.

Ana nan, wata shekara bayan babbar Sallah, Lawali ya ce zai kai iyalinsa Yamai su ga Muze, tunda kullum yana kai 'ya'yan wasu. Delu ta matsa sai an tafi da uwarta, wadda ko kogin Kwara ba ta taɓa gani ba. Aka aika wa Manzo ta bakin 'yan tasha. Ranar ya sa rigarsa ta Juma'a ya tsaya bakin ƙofa. Suka sauko: Lawali, Delu da goyo, babbar 'yarsu Salamatu mai bakin tsiya, sai Haske a baya, ta ƙara gajarta, tana riƙe da gefen mayafinta saboda hayaniyar motoci.

"Ga tsohon mijina!" in ji Salamatu, ta ruga ta kama hannun kakanta. "Kai, wanga miji ko kitso ba ya biya mini. Yau sai ka gwada mini zaki, in ba haka ba na sake ka."

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi don kada yaro ya ji kunya. Ya ja su suka fara da birai, suka ga jimina tana haɗiyar tsakuwa, suka ga kada ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Zakin da aka zo dominsa yana kwance ya juya wa duniya baya, Salamatu ta yi masa ihu har ta gaji, ta ce wannan ko jakin Sahabi ya fi shi kuzari. Dorina ce ta fanshe su, ta taso daga ruwa ta yi hamma, Delu ta yi salati ta ja da baya har goyonta ya farka. Suka tsaya ƙarƙashin ƙasusuwan wata dabbar zamanin da, da aka tono a hamada, Lawali yana ta rantsuwa haƙarƙarinta ɗaya ya fi motarsa tsawo. Suka shiga ɗakin tufafin gargajiya, suka fito. Haske na bin su, in an ce ta duba ta duba, ta ce ikon Allah.

Daga nan Manzo ya so ya karkata da su wajen maƙeran azurfa da masaƙa, ta hanyar da ba ta bi ta filin gidaje. Salamatu ta ja tunga. Ita an ce mata kakanta na da gida a nan, sai ta gani. Ba yadda ya iya, ya bi bayansu.

A bakin darnin Haske ta tsaya. Ta tuɓe takalmanta ta aje gefe, ta gyara mayafi.

"Salamu alaikum," ta ce.

Shiru. Wasu yara 'yan birni suka ratsa ta gefenta suka shige da gudu. Ta sake yin sallama, ta ɗan ɗaga murya. Wata mata mai jaka ta waiwayo ta dube ta, ta rufe baki tana dariya. Haske ba ta kula ba, ta yi ta uku, ta tsaya jiran a amsa, don ita tun da aka haife ta ba ta taɓa faɗa wa gidan mutane haka kawai ba.

"Inna, shiga mana," in ji Delu, kunya ta kama ta. "Ba gidan kowa ba na, na kallo na."

Ta shiga a hankali. Ta dubi rumbu, ta dubi turmi, ta dubi murhun da bai taɓa ganin wuta ba. Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba, mace ba ta ɓata a tsakar gidanta. Ta sunkuya ta shiga ɗakin, Manzo ya tsaya daga bakin ƙofa. Ciki da sanyi, da ƙanshin sabuwar ciyawa. Haske ta ɗaga kai sama ta daɗe tana kallo. Rana ce tsaka a waje, amma ko ɗigon haske bai ratso rufin ba. Ta miƙa hannu ta taɓa inda ta iya kaiwa, ta shafa, ta sauke hannun.

"Kai kay yi shi?"

"Ni nay yi."

"Yaushe anka baibaye shi?"

"Bara. Kowace shekara ana gyarawa."

"Wa ka kwana ciki?"

"Ba kowa."

"Ba kowa," ta maimaita. "Ko da damana?"

"Ko da damana."

Da ya ce mata wata mace ce ke kwana a ciki, da ta san inda za ta aje abin a zuciyarta, don wannan ciwo ne da mata suka san sunansa. Amma ba kowa. Shekara da shekaru tana zaune a lungu da tasoshi, mijinta yana nan yana hana ruwa taɓa ƙasar da ba mai kwanciya a kanta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta fito, ta sa takalmanta, ta ce ƙishirwa take ji. Suka zauna a inuwa suka ci soyayyen naman Sallah da Delu ta ƙullo, Salamatu ta sa kakanta ya saya mata ɗan zoben azurfa. Da la'asar suka shiga mota. Haske ta ce masa, "Sai wata rana," ba ta yi zancen ɗaki ba. Wannan ne karo na farko da suka rabu ba ta yi ba.

Manzo ya koma gindin bedi. Ya ci gaba da yanta, ya ci gaba da shara, kamar ba a yi komai ba. Sai dai shirun nan nata ya ƙi barinsa. Da tana roƙo, yana da amsa. Yanzu da ba ta roƙa ba, sai ya rasa abin da zai ce wa kansa. Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma-yamma. Ran da ya ga shamuwa ta sauka kan bishiyar da ke bayan kejin kuraye, ya san ruwa ya kusa, ya tashi ya je wurin shef ya nemi konje. Nan take aka ba shi. Ashe dama tambaya ce kawai bai taɓa yi ba.

Ya sayi ciyawa mai kyau da kuɗinsa, ya yanta ta da kansa, ya naɗe ta gammo-gammo, aka ɗaure a kan taksi. Suka bi ta Baleyara, suka miƙe arewa. Fasinjoji na ta gardamar siyasa, shi yana kallon gonakin da aka share ana jiran shuka. Tsoro yake ji, tsoro sosai, irin wanda ya manta yadda yake. Amma ya ƙudura zai hau, zai duba, in ya so abin da zai faru ya faru. A Filinge ya ɗauki hayar amalanken jaki, aka loda ciyawar, suka nufi tunga.

Tun daga kan tudun da ke kafin rijiya ya hango shi. A cikin baƙaƙen rufin tungar akwai guda ɗaya sabo fil, rawaya, yana ɗaukar ido. Bai ce wa mai amalanke ya tsaya ba, bai kuma ce ya yi sauri ba.

Sahabi ne ya tare shi a bakin hanya. Suka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Yamai, yana ta kauce wa idon wansa. Daga baya dai ya ce, "Yaya, Ibrah yay yi shi. Ita ta aika anka kira shi, da sunka komo daga Yamai. Na ce a jira ka, tac ce a'a."

Manzo ya gyaɗa kai. Ya taka har gindin ɗakin, ya kewaye shi sannu a hankali. Ya danna ciyawar da tafin hannu, ya ja bakin yanta ya ji ko za ta zame, ya ja da baya ya dubi ɗaurin sama. Yana neman kuskure ne, ko da ƙarami, wanda zai ba shi dalilin ɗauko tsani. Ibrah ba gwani ba ne, amma ya yi aikin da zuciya ɗaya. Babu inda za a gyara.

Haske ta fito da ƙwaryar ruwa. Ta durƙusa ta miƙa masa, ta yi masa sannu da hanya. Ya sha, ya mayar mata.

"Baban Delu," ta ce. Ba ta taɓa kiransa haka ba, kullum maigida ne. "Ran da anka ɗage shi, rana ta shiga ko'ina. Na ce su dakata. Na zamna na dubi wurin nan har la'asar, ni ɗaya. Na san shi kaka gudu." Ta juye sauran ruwan a gindin darni. "Ƙasa ta kawai. Da ka zaka, da mun duba tare."

Ashe ta sani. Duk shekarun nan ta sani, ba ta taɓa faɗa masa ba, kamar yadda shi ma bai taɓa faɗa mata ba.  Ta ɗan jira, sannan ta ce an shimfiɗa masa tabarma a zauren Sahabi, za a kawo tuwo in an jima. Ta sunkuya ta shiga ɗakinta, ta saki asabari.

Mai amalanke ya gaji da jira, ya ɗaga murya daga bakin hanya.

"Baba, ciyawar ga, wane ɗaki za a kai ta?"

Manzo ya juya ya dubi tungar, ɗaki bayan ɗaki, kowanne da mai hawansa.

"Sauke nan," ya ce.

Aka sauke ta a gefen hanya. Jakin ya miƙa wuya ya fara ci, ba wanda ya kore shi.